Yadda Na Sa Injin Baba a Cikin Rediyon Mahaifiyarku

Tun kuna ƙanana kuke jin labarin nan a gutsure, kuma na san daga bakin wa. Gwaggonku Talatu ce take yaɗa cewa na sace rediyon auren mahaifiyarku na farke shi don wasan boko, har mahaifiyar taku ta yi sati guda tana kuka. To, farkewa kam na farke, ba na musu. Kuka ma an yi, sai dai kwana biyu ne, ba sati ba. Amma sata ban yi ba, kuma ba wasa ya kai ni ba. Tunda yanzu ido ya fara gajiya, biro ma sai na riƙe shi da kyau, gara in rubuta muku yadda aka yi da hannuna, kafin Talatu ta riga ni isa ga jikokina.

Shekarar da aka haifi ɗan'uwanku Aminu ce. Muna zaune a Malumfashi, gidan kakanku, lokacin ana lissafa mu cikin jihar Kaduna. Ni ina koyar da kimiyya a sakandare, kullum a kan keke. Baba kuwa manomin auduga ne tun tasowarsa, sai da gwiwa ta hana shi sunkuyo ya tattara abin da ya tara ya je Funtuwa ya sayo injin niƙa mai shan gas, ya kafa shi a shagon da ke jikin zaurenmu. Wannan injin shi ne gonarsa ta ƙarshe. Da shi ake ci a gidan, kuma da shi Baba yake jin har yanzu shi namiji ne mai fita aiki. Da safe zai goge shi da tsumma kamar mai yi wa jariri wanka, ya ɗaura ƙarfen murɗawa, ya yi bisimilla, sai ka ji tuf, tuf, tuf-tuf-tuf, unguwa ta ɗauka. Ranar kasuwa kuwa ƙoren dawa da masara sukan yi layi har bakin titi, mata daga ƙauyukan hanyar Kafur suna zaune a inuwa suna hira.

Bayan bangon shagon ɗakin Iya Saratu ne, mahaifiyar maƙwabcinmu Baba Yohanna. Kirista ne, ma'aikacin asibiti, shi ya yi mini allurar farko a rayuwata, kuma har na yi gemu bai daina tuna mini ihun da na yi ba. Bango ɗaya na ƙasa ya raba injinmu da gadon tsohuwar. Ita kunnenta ya daɗe da mutuwa, ƙara ba ta dame ta. Bangon ne bai ji daɗi ba. Tsaga ta fara kamar zare daga sama, kafin rani ya yi nisa yatsa yana shiga. Wata safiya Baba Yohanna ya yi sallama, ya zauna, ya gaishe da Baba ya tambayi gwiwa, ya tambayi masu jego, ya tambayi har awaki, sannan ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

"Alhaji, da kunya nake zuwa. Jiya ƙasa ta zubo wa Iya a cikin kunu."

"Subhanallahi! Malam Yohanna, ai da tun farko ka faɗa. Bar ni da shi. Akuya in tana fizga igiya ake ƙara mata, inji ma haka ne."

Washegari aka kira magini. Aka zuba siminti a kan siminti, kankaren da injin yake kai ya yi kusan ninki biyu, aka ɗaure noti har ƙarfe yana kuka. Da ya bushe aka tayar. Wallahi ina tsakar gida na ga ruwan randa yana rawa. A ɗakin Iya Saratu kwanukan da ta jera tun aurenta suka riƙa saukowa ɗaya bayan ɗaya. Baba ya kashe injin, ya tsaya yana kallonsa kamar ɗan da ya ba shi kunya a gaban baƙi. Ya san abin da kowa ya sani: bangon ƙasa mai tsaga, in ya sha ruwan damina kuma ana girgiza shi, ba ya kai kaka. Wani wurin da za a mai da injin kuwa babu. A gaban Baba Yohanna ya yanke magana.

"Ranar da ruwan farko ya sauka, in bangon nan yana motsi, zan kwance injin a mai da shi Funtuwa. Ba zan binne uwarka da hannuna ba."

Abin kunya ne in faɗa, amma gaskiya nake rubutawa: kowa a gidan ransa a ɓace, ni kuwa zuciyata tsalle take yi. Shekara da shekaru ina zana nauyi a kan sifirin a jikin allo, ɗalibai suna hamma, yau ga shi ya biyo ni har gida. Duk abin da yake karkarwa, in ka tuɓe masa kayan ado, abu uku ne. Akwai nauyi, wanda ba ya son a motsa shi, in ya motsa kuma ba ya son a tsayar da shi. Akwai abin da yake lanƙwasa ya dawo, kamar sifirin, ya karɓi ƙarfi ya ajiye ya mayar maka. Sai na uku, wanda yake cinye ƙarfin ya mai da shi zafi, ba ya mayarwa. Kuma kowane nauyi a kan sifirinsa yana da nasa takun da yake son lilo da shi. In kana tura lilo daidai da takunsa, ɗan turi kaɗan zai kai shi sama. Ƙasar da ke ƙarƙashin kankaren Baba ita ma sifirin ce, mai tauri dai. Da ya ƙara siminti sai ya jawo takun kankaren ya zo daidai da bugun injin. Magani ba ɗaurewa ba ne, sakewa ne.

Na faɗa wa Baba haka, ya dube ni sama da ƙasa, amma da yake dabara ta ƙare masa sai ya yarda. Ni da Ado makaniki, wanda garejinsa yake bakin tasha, muka haɗa gadon ƙarfe, muka ɗora injin da maniƙar a kai, muka sa sifirin huɗu na wata tsohuwar mota a ƙarƙashi. Baba ya murɗa. Da bugun ya fara hawa sai injin ya soma sunkuyo yana miƙewa, kafin ka ce me ya koma tsalle, bututun hayaƙi ya karye, dawar wata mata ta watse har rufi, mutane suka yi waje a guje. Amma ni da na maƙale a jikin ƙofa na ga abin da ba wanda ya gani. Da injin ya wuce wannan haukan ya kai cikakken gudunsa, sai ya natsu, ƙasa ta yi shiru ƙarƙashin ƙafata. Ban daɗe ina jin daɗin ba, Baba ya kashe shi, injin ya sake yin wani tsallen kafin ya tsaya.

"Madalla. Boko ya koya wa injina rawa."

"Baba, saura abu ɗaya. Shokazoba irin na mota zan sa, ya cinye tsallen. Sai dai in ya yi ƙarfi da yawa zai sake kai girgizar ƙasa, in ya yi laushi kuma tsallen zai dawo. Sai na gwada na ga daidai."

"Ka gwada? Injina ba allon makarantarku ba ne da za ka yi ta rubutawa kana gogewa. Sau ɗaya na ba ka. In ya sake rawa, ba sai an jira ruwa ba."

Aka mai da injin kan kankarensa, ana niƙa na ɗan lokaci da safe kawai, bayan an fito da Iya Saratu tsakar gida. Ni kuwa na yi kwana uku ina yawo da wannan sau ɗayan a kaina. Lissafi a takarda yana ba ni amsa, amma ina tsoron kuskuren hannuna, kuma ko ya yi daidai Baba ba zai karanta shi ba. Rana ta huɗu ina gaban aji ina rubuta lissafin wutar lantarki mai zagaya cikin abubuwa uku: kwayil, wato waya a nannaɗe, da kwandansa mai ajiye wuta ya sake ta, da rizista mai cinye ta ya yi zafi. Lissafin sifirin na darasin jiya yana nan a saman allo ba a goge ba. Na ja baya na dubi layukan biyu. Abu ɗaya ne! Haruffa kawai aka canja. Kwayil shi ne nauyi, kwandansa shi ne sifirin, rizista shi ne shokazoba. Na sha karanta haka a littafi, na sha koyar da shi ma, amma sai ranar ya shige ni. Ashe zan iya gina injin Baba a kan faifai, in gwada shi sau ɗari ba wanda ya rasa ƙwayar dawa. Ban san yadda na gama darasin ba, keke kuwa ranar ya san an hau shi.

Kwayil na ciro daga wata matacciyar fitilar lantarki mai dogon ƙwai a makaranta. Kwandansa akwai a ɗakin gwaji. Akwai kuma wani ɗan akwati mai aiki da batir, mai fitar da sauti daga ƙasa-ƙasa zuwa sama in kana murɗa shi, shugaban makaranta ya ara mini, shi ne zai tsaya a madadin bugun injin lokacin da yake hawa. Abin da ya rage shi ne maɓallin ƙara murya, don shi rizista ne da ake iya ƙarawa a rage, da sifika, da abin da yake ƙara mata ƙarfi. Duk ukun suna cikin rediyo. Rediyo biyu ne a gidanmu. Na Baba yana cikin rigarsa ta fata, ko ƙuda bai isa ya sauka a kai ba, da shi yake jin labaran duniya. Ɗayan na Hajara ne, mahaifiyarku. Yayanta Isa ne ya saya mata lokacin aurenmu. Yana aikin jirgin ƙasa can kudu, sai ya shekara bai zo ba, amma yakan aika takarda gidan rediyo a karanta gaisuwarsa a filin gaishe-gaishe, ita kuwa ba ta taɓa bari filin ya wuce ta ba. Na same ta tana shayar da Aminu, na yi ta bayani da hannu da ƙafa. Ta bar ni har na ƙare.

"Malam, ni ban gane kwayil ɗinka ba. Abu ɗaya zan tambaya. Zai dawo yana magana?"

"Zai dawo mana."

"Kalle ni ka faɗa."

Na kalle ta na faɗa. Ta ɗauko shi daga kan kabad, ta goge shi da bakin zanenta, ta miƙo mini da hannu biyu. Kun ji satar da Talatu take faɗi.

Sati guda na yi ina aune-aune. Na ɗora buhunan dawa a kan sifirin ina duba yadda suke nutsewa. Nauyin injin da gadonsa muka auna da doguwar sanda da buhu a ɗaya gefen, yadda ake ɗaga dutse. Duk sauran halayensa na zubar: karkatar da yake yi gefe, kukan bel, tsufan ƙarfe. Lamba uku kawai na riƙe, sannan na hanzarta komai yadda girgizar da ƙafa take ji za ta zama sautin da kunne zai ji. Na haɗa wayoyin da dalma, na sa sifikar ta riƙa faɗin abu ɗaya tak, wato yawan ƙarfin da yake sauka ƙasa. Abin da ya fito ba ya kama da inji ko kaɗan. Tarkace ne a kan faifai, da cikin rediyo a waje. Da na gwada shi ni kaɗai na ji abin da ya yi, sai da na zagaya ɗaki sau uku ina dariya.

Bayan la'asar na kai shi zaure. Baba yana kan buzunsa, ga Baba Yohanna, ga Ado, mata kuma suna bayan asabarin ƙofar cikin gida, ina jin motsin awarwaronsu. Na mai da maɓallin ƙarshen ƙasa, wato babu shokazoba, na fara murɗa akwatin sauti a hankali. Sifika ta soma gunji ƙasa-ƙasa. Yana hawa, yana hawa, sai ya kumbura ya cika zauren har faifan yana zirzir, sannan ya faɗa ya koma ɗan siriri da kyar ake ji. Baba ya miƙe zaune.

"Kai! Sake."

Na sake.

"Wallahi shi ne! Malam Yohanna, ka ji? Ga inda ya yi tsallen nan, ga inda ya natsu. Yaya aka yi ya shiga nan ciki?"

Na murɗa maɓallin zuwa ɗaya ƙarshen, shokazoba mai ƙarfin gaske ke nan. Kumburin ya ɓace, amma sautin ƙarshe ya ƙi yin siriri, ya tsaya yana gunji.

"Wannan kuma bangon Iya ne yake shan wahala," in ji Baba Yohanna. Ban gaya masa ba, da kunnensa ya gane.

Sai Baba ya ture hannuna. Mutumin da ya ce boko ya koya wa injinsa rawa, shi ne ya durƙusa a kan gwiwar da take masa ciwo, ya kama maɓallin da yatsunsa masu kanta, yana cewa in hau, in sauka, in sake hawa. Ya ƙara kaɗan, ya rage kaɗan, kansa a karkace kamar mai sauraron cikin kankana. Can ya tsaya a wani wuri da bai kai rabi ba. Kumburin ya zama ɗan tudu, ƙarshen kuma siriri.

"Nan. Sa alama."

Na sa alama da alli. Da a nan muka tsaya, da Talatu ba ta sami labari ba. Amma daɗi ya ɗebe mu. Baba ya ce a mai da shi inda yake tsalle Ado ya ƙara ji, muka yi ta maimaitawa muna dariya kamar ba manya ba, na bar shi a kan kumburin ya daɗe. Laifina ne, na san ya kamata in sa abin da zai tare wutar in ta yi yawa, ɗoki ya sa na tsallake. Sai wari ya tashi, ɗan hayaƙi ya fito daga cikin rediyon, sifika ta yi shiru. Daga bayan asabari na ji awarwaro ɗaya ya tashi ya yi cikin gida.

Na kai shi wurin mai gyara a Funtuwa, ya duba ya ce abin da ya ƙone ba a samun irinsa. Kwana kaɗan bayan haka wata maƙwabciya ta shigo da murna tana cewa ta ji an karanta gaisuwar Isa, ya gai da ƙanwarsa Hajara a Malumfashi, ya yi barka da samun Aminu, har ya faɗi sunan. Mahaifiyarku ta yi mata godiya, ta raka ta ƙofa, ta dawo ta shiga ɗaki. Kwana biyun da na gaya muku ke nan. Ba ta zage ni ba, ba ta ce ka yi alkawari ba. Da ta faɗa ma da ya fi mini sauƙi.

Alamar allin dai tana nan. Na auna rizistan a daidai wurin, na juya lambar ta koma ƙarfin shokazoba, na tafi garejin Ado. Muka riƙa rataye su a reshen mangwaro, mu ɗaura buhu a ƙasa, ina duba agogo in ga saurin da kowanne yake miƙewa. Sababbin duk sun yi tauri. Sai a cikin jibgin da ya zubar bayan gareji muka sami biyu na wata tsohuwar tasi, sun saki rabi, suka faɗa daidai kan lambar.

"Malam, shekarata ashirin a aikin nan, ban taɓa ganin wanda ya tsallake sabo ya zo yana rungumar gajiyayye ba. Biyu ma, ba huɗu ba?"

"Biyu, Ado. Baba ne ya zaɓa."

Ranar gwaji da safe gabas ta riga ta fara haɗa hadari, iska tana ƙanshin ruwa. Baba Yohanna ya cika kwano da ruwa har baki ya ajiye a gindin bangon ta cikin ɗakin Iya, ya zauna gadinsa. Tsohuwar tana kan gadonta, ta ƙi fita, ta ce ta gaji da a riƙa shanya ta a tsakar gida. Mun riga mun mai da injin kan sifirin, mun ɗaura shokazoba biyun, Baba ya yi bisimilla ya murɗa. Tuf. Tuf. Tuf-tuf. Da bugun ya iso wurin tsallen, injin ya sunkuya sau ɗaya, ya ƙara sau ɗaya, kamar dattijon da aka gaya wa magana ya yarda, sai ya wuce. Ya kama gudunsa yana ɗan kaɗawa a kan sifirin. Baba ya tuɓe takalmi ya taka ƙasa. Bai gamsu ba, ya sunkuya ya shimfiɗa tafinsa. Aka zuba dawa, gari ya fara zubowa, tafin yana nan a ƙasa. Sai ga Baba Yohanna ya zagayo da kwanon a hannu, yana tafiya a hankali, ruwan yana nan har baki. Kafin ya buɗe baki muka ji muryar Iya Saratu ta ƙetaro katanga, da ƙarfi irin na wanda ba ya jin kansa.

"Yohanna! Je ka duba Alhaji ko lafiya. Rana ta yi haka bai tayar da inji ba!"

Ado ya faɗi zaune don dariya. Ni ban san lokacin da na rungume Baba Yohanna ba, ruwan da inji bai zubar ba ni na zubar da shi a rigarsa. Kwana uku bayan haka ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya. An riga an yaɓe tsagar, ba ta sake buɗewa ba, kuma injin ya yi shekara goma sha wani abu a wurin har Baba ya bar duniya.

Baba bai ce mini sannu ba, ba halinsa ba ne. Amma da yammacin ranar gwajin, bayan ya kashe inji ya wanke hannu, na ga ya shiga ɗakinsa ya fito da rediyonsa cikin rigar fata. Kun san tsakanin suruki da matar ɗa a wancan lokacin: tun da aka kawo mahaifiyarku gidan bai taɓa taka ɓangarenmu ba, ita ma in ta hango shi durƙusawa take yi ta kau da kai. Ranar ya ratsa tsakar gida kowa yana kallo, ya tsaya nesa da ƙofarta, ya ajiye rediyon a bakin dokin ƙofa, ya juya fuskarsa ga bango kamar da shi yake magana.

"A gaya wa mai ɗakin nan, nata ya riƙe mana gida. Ta riƙe wannan."

Ya juya ya tafi, bai jira amsa ba, kuma bai ƙara sayen wani ba. Mataccen rediyon shi ne akwatin da yake kan kabad ɗina, wanda duk sallah kuke cewa a zubar. Kada ku zubar, alamar allin kakanku tana jiki. Daga ranar, duk lokacin labaran duniya Baba yakan ɗauki buzunsa ya dawo bakin zaure ta ciki ya zauna yana jan carbi, wai iska yake sha. Mahaifiyarku kuma sai ta fito da rediyon ta ɗora a kan turmi, ta juya shi wajen zaure, ta ƙure murya. Har ya rasu ba wanda ya taɓa ta da maganar a cikinsu.